Jarkar Malama Rhoda da Akwatin Gajimare

Malama Rhoda mutum biyu ce a jiki ɗaya, kuma ba wadda ta taɓa takura wa 'yar'uwarta. Daga Litinin zuwa Juma'a tana koyar da fiziks a wata sakandaren 'yan mata da ke bayan masaƙun Kakuri, alli a hannu, alli a goshi. Ranar Alhamis da yamma da ranar Lahadi kuwa, ita ce mai buga tulu a zumuntar mata ta ikilisiyarsu da ke unguwar Television. In ta ɗaura zanen zumunta, shuɗin nan da kowace 'yar ƙungiya ke da irinsa, ta rungumi tulun ta fara dukan bakinsa da tafin hannu, har tsofaffi masu kukan gwiwa sai sun miƙe.

Tun da mijinta Nicholas ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kachia, zanen nan ya zame mata dangi. Matan zumunta ne suka yi girkin makoki, su ne suka raka ta ƙauye da gawa suna waƙa har bakin kabari, su ne kuma suka riƙa leƙo ta bayan kowa ya watse. Da za a ce mata ta zaɓi ɗaya tsakanin aikin makaranta da zanen, ba za ta yi dogon tunani ba.

A dangin mijin akwai Benson, ɗan wan mahaifin Nicholas. Dattijon ikilisiya ne, tsohon malamin kimiyya, mutum mai laushin murya da tsabtar safari. In ya yi maka addu'a sai ka ji kamar an riga an amsa. Shi ne ya tsaya a kan hakkin marigayin har ya fito, don haka Rhoda ba ta iya ɗaga ido ta ce masa a'a. Yana kiranta "matarmu", yadda dangin miji kan kira matar ɗan'uwansu, ita kuma tana ce masa Baba Benson.

A daminar shekarar 1985 ƙungiyar malaman kimiyya ta kudancin kogi ta samu wani tsohon siton auduga a Kakuri, ta shafe shi da farar ƙasa, ta ce ya zama ɗan gidan tarihin kimiyya. Benson aka ba riƙonsa. Baje kolin farko da ya shirya a kan tarihin ƙwayar zarra ne, wato yadda Turawa suka fara leƙa cikin abin da ido ba ya gani. Wani abokinsa ya aiko masa da hotuna daga Ingila cikin dogon kwali. Ga Thomson a tsaye gaban kwalbarsa ta gilashi, ga Rutherford mai gashin baki wanda ya gano ƙwayar tana da cibiya, ga Madam Curie da baƙar riga tana duban abin da zai zama ajalinta.

Wata rana bayan an tashi makaranta sai ga motar Benson, 'yar Bitil, a ƙofar ɗakin gwaji.

"Matarmu," ya ce, "hotuna sun iso, amma hoto ba ya motsi. Kin san mutanenmu. In ba su gani da ido ba, cewa za su yi tatsuniyar Bature ce. Ina son ki haɗa mini akwatin gajimare."

Rhoda ta ajiye tsumman goge allo. Ta san akwatin sarai, a littafi. Wani mutumin Scotland mai suna Wilson ne ya ƙirƙiro shi bayan ya yi ta kallon gajimare a kan dutse. In aka cika gilashi da tururin sifirit aka sanyaya ƙasansa ƙwarai, duk ɗan ɓarɓashin da ya fito daga ƙwayar zarra ya ratsa tururin zai bar farin layi a bayansa. Shekara da shekaru tana zana wa 'yan mata wannan layin da alli, ita kanta ba ta taɓa ganinsa ba.

"Zai yiwu kuwa a nan?" ta tambaya, amma zuciyarta ta riga ta amsa.

Ta sayi babbar kwalbar alewa a wurin wani mai kanti, ta yanka tsohon bargo ta liƙa a cikinta, ta sa maƙeri ya buga mata faranti ta shafe shi da baƙin fenti. Abin da zai fitar da ɓarɓashin ba wuya, 'yar farar ragar nan ta fitilar gas ta isa. Busasshiyar ƙanƙara kuma wani kamfanin lemo ya yarda ya riƙa ba su. Saura sifirit. A lokacin ne gwamnati ta ce kowa ya ɗaure ɗamara, madara da sabulu ma sai an bi layi. Kwalaben makaranta sun bushe tun bara. Ta zaga kemis-kemis daga Kakuri har Sabon Tasha, wanda bai ce babu ba sai ya miƙo mata wani ruwa-ruwa da ko ashana ba ya kamawa.

Benson ne ya kawo dabarar, da murya ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labarin rasuwa.

"Akwai wata Mama Uchenna a bayan tashar Kakuri. An ce ogogoronta na farkon tata har wuta yake kamawa. In kika sake tace shi a ɗakin gwaji, ai ya zama sifirit."

"Baba Benson! Gidan giya?"

"Wa ya ce ki sha? Aikin ilimi ne. Ni da kaina zan shiga, to amma kin san matsayina, dattijo a gidan ogogoro, me za a ce? Ke kuwa kowa ya san malamar kimiyya ce. Zan kai ki da mota in jira ki, shiga da fita ne."

A ikilisiyarsu giya ba abin wasa ba ce. Ko kwalbar da babu komai aka gani a bayan ɗakinka sai dattawa sun zo gaisuwa. Rhoda ta san haka. Amma son ganin farin layin nan ya riga ya shiga ranta, ga kuma mutumin da ya riƙe ta ranar da ba ta da kowa.

Ranar Alhamis ya zo ɗaukarta a bakin majami'a, daidai an tashi daga koyon waƙa. Zanen zumunta na jikinta, ɗankwalinsa na kanta. Ta ce bari ta biya gida ta sauya. Ya dubi sama, hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, ya ce ruwa zai kama su, ta shigo kawai. Da ta san abin da zanen nan zai jawo mata, da ta gwammace ta jiƙe har ƙashi.

Ya tsayar da motar a kwana, gefen wani mai faci, nesa kaɗan da gidan. Ya buɗe but ɗin gaba ya ɗauko wata farar jarka ya miƙa mata, ya koma ya zauna ya ɗaga gilashi.

Gidan Mama Uchenna rumfar kwano ce da bencina, da maza 'yan kaɗan kowa da ƙaramin kofi a gabansa. Rhoda na shiga hira ta tsaya cak. Matar gidan, wata ƙatuwa mai fara'a, ta dube ta daga ɗankwali har ƙafa ta tafa hannu.

"Chineke! Mama Zumunta, una don begin?"

Wato 'yan zumunta ma sun fara sha ke nan? Mazan suka kwashe da dariya. Rhoda ta yi ta bayanin akwati da tururi da sanyi, matar tana ɗura mata jarka tana gyaɗa kai.

"Na so e be, haka ne. Kowa da nasa dalili, Madam. Wannan Baba ma maganin basir yake sha."

Ta ɗauki jarkar ta fito da sauri. Ƙafarta na taka waje jiniyar masaƙa ta busa. Kafin ta kai bakin titi ma'aikata sun fito kamar an fasa gidan tururuwa, wasu a keke, wasu a ƙafa, kuma rabin mazan ikilisiyarsu a masaƙa suke aiki. Matthew mai raba kujeru ranar Lahadi ya ja birkin kekensa a gabanta. Ya dubi zanen, ya dubi jarkar, ya dubi ƙofar da ta fito. Ya ce, "Sannu, Malama," ya taka kekensa.

Ta waiga wurin mai faci, ba Bitil ba dalilinta. Sai can a layi na gaba ta hango ta ta laɓe a bayan wata tirela. Ta taka har can a cikin yayyafi, jarkar na bugun ƙafarta.

"Na ga wurin ya cika ne, na ɗan matsa," in ji Benson. Bai dube ta ba.

Kwana biyu ta yi tana tace ogogoron a ɗakin gwaji da tukunyar gilashi da bututun ruwan sanyi, har warin ya kama mata gashi. Ranar Asabar da hantsi suka rufe tagogin siton da barguna, ita da Benson. Ta jiƙa bargon cikin kwalbar, ta kifa ta a kan farantin, ta ɗora a kan ƙanƙara, ta haska tocila daga gefe. Da farko ba komai sai wani siririn yayyafi na sauka a ciki. Can sai ga farin layi ya fito daga jikin ragar fitilar, gajere, miƙaƙƙe, ya ɗan tsaya ya narke. Wani ya biyo shi. Wani kuma ya ratsa ta gefe.

Rhoda ta ji hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Abin da ta yi shekaru tana rantse wa yara cewa akwai shi, ga shi a cikin kwalbar alewa a Kakuri.

"Allah mai iko!" in ji Benson, ya riƙe hannunta da hannu biyu. "Matarmu, kin fitar da ni kunya. Ba zan taɓa manta miki wannan ba."

Washegari bayan sujada aka ce dattawa na nemanta a ofishin Pasto. Pasto Yakubu na zaune a tsakiya, mutum mai sauƙin kai wanda ba ya son rigima amma rigima ke sonsa. Dattawa na gefe da gefe, Benson a cikinsu. Uwar zumunta Mama Rebecca na bakin ƙofa, fuskar nan kamar an aiko mata da mutuwa. Matthew ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba.

Rhoda ba ta ji tsoro ba. Ta faɗi komai daga farko, akwati da sifirit da kemis-kemis, sannan ta juya tana murmushi.

"Ga Baba Benson nan, aikinsa ne. Shi ya san komai."

Ido ya koma kan Benson. Ya gyara zama, ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"To, gaskiya ne na ba Malama aikin akwati," ya ce. "Kuma aikin yana buƙatar wani sinadari. Amma ko wane iri ne, da inda ake samunsa, wannan sai na bincika. Ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba a gaban bayin Allah."

Rhoda ta daina murmushi. Jarkarsa ce, motarsa ce, bakinsa ne ya ambaci Mama Uchenna. Ta so ta faɗa. Amma yaya matar ƙani za ta ƙaryata wan mijinta a gaban Pasto? Ta yi zaton ko bai gane tambayar ba ne. Ta dube shi, shi kuma yana duban silin.

Wani tsoho cikin dattawan ya yi gyaran murya ya ce na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. A ƙa'idar ikilisiya bakin mutum shi kaɗai ba ya wanke shi, sai da mai shaida. Mama Rebecca ta ce ita ba shan ne ma ya fi ƙona mata rai ba.

"Zanenmu, Rhoda. Zanen da muke binne 'yan'uwanmu da shi kika shiga da shi gidan mashaya suna dariya. Ba ke kaɗai kika shiga ba, da mu duka kika shiga."

Aka yanke mata horo har sai Dattijo Benson ya gama bincike. Za ta ajiye zanen, za ta miƙa tulu, ba za ta ci jibin Ubangiji ba, kuma za ta koma bencin baya, wanda ke jikin ƙofa, inda ake zaunar da masu laifi kowa na wucewa yana ganinsu.

Da la'asar Benson ya zo gidanta, ya bar motar a bakin layi. Ko ruwan da ta kawo masa bai taɓa ba.

"Matarmu, na san ranki ya ɓaci. Ki saurare ni. Zaɓen dattawa ya matso, akwai masu neman abin da za su kama ni da shi. In na ce ni na aike ki, mu biyu za mu faɗi, wa zai ɗaga wani? Kuma mutanen nan ko na yi bayani ba ganewa za su yi ba. Gani ya kori ji. Ranar buɗe baje koli zan gayyato Pasto da dattawa da zumunta gaba ɗaya. In suka ga layin nan da idonsu, a nan gaban kowa zan ce wannan shi ne abin da Malama ta sayo, kuma ni na sa ta. Ranar Lahadin da ta biyo da zanenki za ki shiga majami'a."

"Ka yi alkawari, Baba?"

"Haba! Don darajar Nicholas da ke kwance."

Da ya ambaci sunan nan sai jikinta ya yi sanyi. Ta yarda.

Bencin baya ba shi da majingina, kuma duk wanda ya shigo a makare sai ya gan ka kafin ya ga Pasto. Lahadin farko da aka sanar da sunanta, Rhoda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma abin da ya fi mata ciwo shi ne lokacin waƙar zumunta. Matan suka taso cikin shuɗi, layi guda, wata yarinyar amarya ta rungumi tulunta tana bugunsa kamar mai kwankwasa ƙofar maƙwabta. Tafin hannun Rhoda ya riƙa motsi a kan cinyarta shi kaɗai. A kasuwar Television masu kayan miya suka fara ce mata "Malama, yaya gajiya?" da wata irin murya. A makaranta ta tarar an zana kwalba a allo.

Mutum ɗaya ce ba ta juya mata baya ba, Celina, maƙwabciyarta mai ɗinki, wadda suka shiga zumunta rana ɗaya. Celina ba ta san fiziks ba, ba ta kuma nemi sani ba. Ta ce ita halin Rhoda ta sani. Ta yi faɗa da Mama Rebecca a kan maganar, ta yi da matar Matthew a bakin famfo har aka raba su. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ji huɗuba kafin a gwada ta.

"Ku jira ranar buɗewa. Da bakinsa Dattijo zai faɗa. Ranar za mu ga masu kunya."

Rhoda kuwa ta ci gaba da zuwa siton in an tashi makaranta. Ta rataye hotuna, ta rubuta bayanin kowanne da Hausa da Turanci, ta haɗa siffar ƙwayar zarra da waya da ƙwallayen roba. In Benson ya shigo sai ya ce, "Saura ƙiris, matarmu," ita kuma ta ce, "Allah ya kai mu."

Ranar ta zo da rana mai kyau bayan ruwan asuba. Siton ya cika har waje, malamai da ɗalibai da ma'aikatan masaƙa da ba su da aikin safe. Pasto Yakubu ya zo da dattawansa. Matan zumunta suka zo cikin shuɗinsu, don su aka ba waƙar buɗe taro. Rhoda ta sa atamfarta ta fita kunya, ta tsaya a kusurwar da aka kewaye da barguna tana kula da akwatin. Celina ta ratso ta matse mata hannu.

"Na goge miki zanenki, yana kan gadona. Gobe sai gaba."

Benson ya zaga da manyan baƙi hoto bayan hoto. Ba laifi, mutumin ya iya magana. Ya ba su labarin Rutherford da siririn zinariyar da ya yi ta harbi da ɓarɓashi har wasu suka dawo masa, ya ba su na Madam Curie har Mama Rebecca ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Daga nan aka shigo kusurwar barguna, iya waɗanda wurin zai ɗauka, sauran suka yi cincirindo a baki suna leƙe.

Rhoda ta haska tocila. Layin farko ya fito, na biyu ya bi shi.

"Kai!" in ji Pasto, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. "Wato wannan abin yana ta wucewa kullum ba mu sani ba? Lalle ayyukan Ubangiji da ban mamaki suke." Ya ɗago yana shaƙar iska. "Amma Dattijo, wannan warin fa? Wane ruwa ne a ciki?"

Ga tambayar ta zo da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Rhoda ta ɗaga kai. Ta ga Celina daga bakin bargo tana murmushi tana zungurar ta kusa da ita. Benson ya dubi Pasto, ya dubi dattawan da ke bayansa, ya dubi matan. Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya ɗauko wata kwalba mai ruwan ƙasa, irin ta ɗakin gwaji, da tsohuwar takarda a jikinta mai tambarin wani kamfanin London.

"Sifirit ne na musamman, Baba Pasto," ya ce. "Tare da hotunan aka aiko mana shi daga Ingila."

Rhoda ta san kwalbar. Tun bara take a bushe a kan kantar makarantarsu. Jiya da yamma ruwan nan a cikin kwalbar lemo ta bar shi, da hannunta ta toshe bakin. Wato ba tsoro ne ya kama shi yanzu ba. Tun kafin gari ya waye ya nemo kwalbar, ya wanke ta, ya juye, ya ajiye ta inda hannunsa zai kai.

"Ba daga Ingila ba ne," ta ce. Sai ta ɗaga murya. "Baba Pasto, ba daga Ingila ba ne! Shi ne ogogoron da na sayo, ni na tace shi. Baba Benson ne ya kai ni da motarsa, jarkar ma tasa ce. Baba, ka faɗa musu. Ka yi mini alkawari da sunan Nicholas!"

Benson bai yi fushi ba. Da ma ya yi, da da sauƙi. Girgiza kai ya yi a hankali, irin na mai jin tausayi, ya ɗan juya kwalbar don kowa ya ga tambarin.

"Matarmu ta sha wahala kwanakin nan," ya ce. "Mu riƙa sa ta a addu'a."

"Malama," in ji Pasto, ba tare da ya haɗa ido da ita ba, "nan ba wurin wannan magana ba ne."

Tsohon nan na cikin dattawa ya yi tsaki ya ce an ba ta dama ta tuba, ga shi ta ƙara da yi wa dattijo ƙazafi a bainar jama'a. Mama Rebecca ta ja matanta suka koma wajen hotuna.

Rhoda ta ajiye tocilar a kan tebur ta ratsa mutane ta fita. A bakin siton ta tsaya, rana na dukanta. A nan ne ta gane girman abin da aka yi mata. Da shiru ya yi kamar ranar farko, da tana da sauran abin faɗa. Yanzu kuwa akwatin ya samu ruwansa daga Ingila, jarkarta ta rasa inda za ta. Ya ci moriyar ganga ya yar da kwaurenta, kuma ita da hannunta ta rataye masa hotunan, ta haska masa tocilar.

Ta ji tafiya a bayanta. Celina ce, ta fito ita kaɗai tana murza bakin ɗankwalinta. Rhoda ta ji wani ɗan sanyi a ranta. Ko duniya duka ta ƙi ta, ga mutum ɗaya. Ta miƙa mata hannu.

Celina ta riƙe hannun, amma sako-sako. Ta waiga ta ga ba kowa kusa, sannan ta matso ta rage murya.

"Rhoda, kin san ni ba na cikin masu zaginki. Na yi faɗa da kowa a kanki, har na rasa masu kawo mini ɗinki. Ko me kika yi ba zan guje ki ba, wanda ya rasa miji shi ya san abin da yake ji." Ta sake waigawa. "Amma don Allah, tsakanina da ke, ba wanda zai ji. Jarkar nan guda, ke kaɗai kika shanye?"

Rhoda ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta zare hannunta a hankali, ta gangara bakin titi ta tsayar da motar Television.